Mun san bencin Arsenal kaf, amma ba mu san golan Pillars ba: laifin wa?

Ɗan Ƙofar Mata:
Salamu alaikum jama'a. Ni fa akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya kuma yau sai na faɗa ko da za a yi min ca. Ka tari yaro a cikin garin nan ka ce ya lissafo maka 'yan wasan Arsenal ko Madrid, wallahi har na benci sai ya kawo maka da wanda ya ji rauni da ranar da zai dawo, amma ka ce ya faɗa maka mutum biyar a Kano Pillars sai ya fara sosa ƙeya, in ya yi ƙoƙari ya ce Ahmed Musa da Rabi'u Pele shi ke nan ya tsaya. Kulob ɗin da ya ci kofin ƙasar nan sau huɗu fa, 2008 da 2012 da 2013 da 2014, kulob ɗin da ya fitar da Al Ahly ta Masar a gasar zakarun Afirka a 2009 har ya je wasan kusa da na ƙarshe. Mu muka kashe ƙwallonmu da hannunmu, ba kowa ba. Kuɗin da muke kaiwa gidan kallo da data da rigunan Turawa da rabinsa muke kaiwa fili da yanzu ba wannan maganar ake ba.

Ɗan Arsenal na Zariya:
Wa alaikumus salam. To Malam an fara ke nan, kullum mu ne masu laifi hhh

Mai Gidan Kallo:
Yaya Ɗan Ƙofar Mata don Allah ka cire gidan kallo a cikin lissafinka, wane kuɗi ake kawo mana? Ka zo ka zauna da ni ranar Asabar ɗaya ka ga yadda ake yi. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai 200 ba, aka wayi gari ta haura 500, a ƙarshen 2024 sai da ta wuce 1,000. Ni kuma inji nake tayarwa tun wasan farko na rana har a gama na Sifaniya wajen sha ɗayan dare, ga kuɗin dikoda da ake ƙara mana kusan duk shekara, ga haya, ga fanka ta ƙone ga benci ya karye saboda an ci ƙwallo wani ƙato ya daka tsalle a kai. Na ƙara kuɗin shiga yara suka koma leƙe ta taga. In ba manyan wasa ba, irin United da Liverpool ko Madrid da Barcelona, wallahi kuɗin mai ma ba ya fita. Sana'ar nan yanzu don an saba ne kawai.

Ɗan Ƙofar Mata:
Allah ya ba ka haƙuri mai gida, ba kai nake nufi ba. Amma tsakaninka da Allah ka taɓa saka wasan Pillars a gidan naka?

Mai Gidan Kallo:
Na taɓa mana. Da StarTimes suka fara nuna gasar gida na saka, mutum nawa suka shigo kake tsammani? Ban cika benci biyu ba, su ma rabinsu cewa suke a mayar musu Firimiya. Ni ɗan kasuwa ne, abin da mutane za su biya shi nake sakawa.

Ɗan Arsenal na Zariya:
Yauwa, ka ji mai gaskiya. Ni bari in faɗa maka dalilina ba ɓoye-ɓoye. Ina kallon ƙwallo ne don ban san wa zai ci ba, shi ne daɗin abin. A gasarmu kuwa tun kafin a busa ka san mai gida ne zai ci, in an kai minti 90 ba a ci ba sai a yi ta ƙara lokaci har sai an samu fenariti. Kai da kanka kana alfahari Pillars ta yi shekara 12 ba a ci ta a gida ba, daga 2003 har 2015 da Nasarawa United ta zo ta karya, to ka tambayi kanka wace ƙungiya ce a duniya take shekara 12 ba a doke ta a gida ba amma in ta fita waje sai a yi ta lallasa ta? Barcelona ta Messi ma ba ta yi haka ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Kai Bazazzage ka iya bakinka fa. Ka taɓa shiga filin wasa na Sani Abacha a wancan lokacin? Ka ga yadda fili yake cika tun azahar, ana sai masu gida sai masu gida har ƙasa tana girgiza? Baƙo ƙafarsa rawa take tun daga ɗakin canza kaya. Gambo Muhammad da Rabi'u Ali Pele ba alƙalin wasa ne yake buga musu ƙwallo ba.

Ɗan Arsenal na Zariya:
Ai shi ne, har da ƙafar alƙalin wasan ma rawa take hhhh

Tsohon Gola:
Ku tsaya yara, ku bar ni in sa baki tunda ni na taɓa tsayawa a raga, ko da yake a ƙaramin rukuni ne ban kai babbar gasa ba. Duk ku biyun kuna da gaskiya kuma duk kun bar babbar maganar. Abin da Ɗan Zariya ya faɗa game da alƙalanci ba ƙarya ba ne, amma ku sa kanku a matsayin alƙalin. Mutum ne ya taho a motar haya daga wata jiha, ba shi da kowa a garin, 'yan sandan da ke filin ba su taka kara sun karya ba, tsakaninsa da 'yan kallo waya ce kawai wadda yaro ma zai tsallake, ya san in ya busa abin da bai yi wa jama'a daɗi ba a minti na 88 to sai dai Allah ya fitar da shi. Mutum mai iyali. Me kuke so ya yi? Ni na ga alƙali da idona yana cire rigarsa a bayan raga yana saka ta wani don ya saje da mutane ya samu ya fice, takalminsa ɗaya a hannu.

Sannan ɗan wasan da kuke cewa ba ya taka leda kamar na Turai, ku san yadda yake isa filin. A mota ake tafiya daga Kano zuwa Aba ko Fatakwal ko Uyo, kwana a hanya, ƙafa ta kumbura, a sauka a yi ɗan atisaye gobe a buga. Kun manta a 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, aka ji wa 'yan wasa rauni? Shi wanda kuke kallo a talabijin jirgi ya hau, likita na biye da shi, abincinsa ma aunawa ake. Namu kuma wani lokacin yana bin albashin wata da watanni, matarsa na kira babu cefane. Ba ƙafa ce ba mu da ita ba. Ahmed Musa a nan ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya kafin ya tafi Holan a 2010, shi ne kuma ya zura wa Ajantina biyu a kofin duniya na 2014 ya ƙara wa Iceland biyu a 2018. Daga wannan ƙurar ya fito.

Malamin Firamare:
Baba Gola Allah ya ƙara lafiya, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a ganina tushen matsalar shi ne yawancin kulob ɗinmu na gwamnatin jiha ne. Pillars ta gwamnatin Kano, Katsina United ta Katsina, Wikki ta Bauchi, El-Kanemi ta Borno, Tornadoes ta Neja, haka abin yake har kudu. Kulob ɗin da ba ya cin abinci daga kuɗin ƙofa me zai sa ya damu ko ka zo ko ba ka zo ba? Shugaban kulob ba 'yan kallo yake tsoro ba, wanda ya naɗa shi yake tsoro. Gwamna in mai son ƙwallo ne a sha daɗi shekara huɗu, in aka canza gwamnati a rushe shugabanni a kawo wasu a sake sabon lale. Ku dubi Remo Stars, ta mutum ɗaya ce ɗan kasuwa, a ɗan ƙaramin gari Ikenne, ya gina filinsa ya gina makarantar yara 'yan ƙwallo, a 2025 suka ɗauki kofin ƙasa. Mu da muke da masu kuɗi a Kano da Kaduna kamar me, wa ya yi irin wannan?

Ɗan Adaidaita:
Malam ka faɗi da wane kuɗi ya gina ta mana, ai mai kamfanin caca ne

Malamin Firamare:
Na sani ɗan uwa, ban ce a yi koyi da sana'arsa ba, tsarin nake nuna maka. Mai shinkafa ma zai iya, mai siminti zai iya.

Maman 'Yan Biyu:
Tunda an ambaci caca bari ni ma in shigo, da ma ina ta karantawa ina shiru. Ku maza kuna ta musu a kan Pillars da Arsenal, mu iyaye mata abin da ke damunmu daban. Wannan ƙwallon Turan da kuke kallo ba ita kaɗai ta shigo mana gida ba, da caca ta taho. Yaro ɗan sakandare a aike shi cefane ya rage canji ya je ya buga, ya zo yana maka lissafin wai da ƙungiya ɗaya ba ta yanke masa tikiti ba da ya ci dubu ɗari kaza. Kullum ƙungiya ɗaya ce take yankewa! Hisba ta rufe shagunan cacar a Kano a 2024, to sai me, ai yanzu a waya take, yana kwance a ɗaki kina tsammanin karatu yake. Ni da za a ce min ɗana ya tafi filin wasa ya yi ihunsa ya dawo da na fi so a kan wannan. Amma kuma filin ma ina tsoro, don abin da nake gani a bidiyo na jifa da guje-guje ba zan tura ɗana can ba gaskiya.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya ba kullum ake rigima ba wallahi, sau nawa ake wasa a tashi lafiya ba wanda ya ɗauka a waya? Ranar da aka yi jifa ita ce kawai take yawo.

Maman 'Yan Biyu:
To ƙanena kai za ka iya ɗaukar matarka da 'yarka ku je ku zauna? Amsa min wannan kawai.

Ɗan Ƙofar Mata:
Hajiya wannan kuma wata magana ce daban

Ɗan Arsenal na Zariya:
Hhhhh an kama shi. Hajiya Allah ya biya ki

Tsohon Gola:
Ba wata magana daban, ita ce maganar. Kuma ku 'yan Pillars sai kun yarda ku faɗa wa kanku gaskiya. A 2022 bayan an daɗe ana buga wasan gida a Kaduna aka dawo Kano, wasan Katsina United, me ya faru? Aka farfasa musu mota, aka cire wa kulob maki aka kore shi zuwa Abuja, ƙarshen kakar nan Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji, kulob mai kofi huɗu. An dawo a 2023, a ce an ɗauki darasi, sai ga shi a 2025 wasan Shooting Stars an rama ƙwallo a ƙarshen lokaci mutane suka afka cikin fili, aka sake cire maki aka ci tara aka rufe fili. Wa aka cuta? Ba Shooting ba. Wanda ya yi jifan yana ganin kishin kulob yake, alhali shi ne yake kwashe makin da yara suka sha wahala suka tara.

Ɗan Ƙofar Mata:
Baba ban musa ba, amma 'yan tsiraru ne suke ɓata mana suna, yawancinsu ma ba kallo ya kawo su ba

Tsohon Gola:
To ku masu yawan ina kuke lokacin da suke tsallake waya?

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum 'yan uwa na Najeriya, ku yi mani haƙuri in sa baki daga nan Maraɗi. Mu ma nan yara Barça da Real suka sani, ba su san ƙungiyoyin Yamai ba, wannan ciwon duk ɗaya ne. Amma ku zo ku ga lokacin kokowa ta takobi. Tun 1975 aka fara ta a Tawa, kowace shekara jiha guda ke karɓa, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokowa goma. Wallahi in an fara, kasuwa sai ta yi sanyi, mai shago da rediyo a kunne, gidan da ke da tele ya cika da maƙwabta, tsohuwa da ba ta san Messi ba ta san Issaka Issaka na Dosso kuma ta san wanda ya kada. Ba wanda ya roƙi mutane su yi kishin ƙasa, su da kansu suke zuwa. Don mi? Don abin a gaban idonka yake, mutum ya taɓa ƙasa ya faɗi, kowa ya gani. Ana gardamar alƙalanci wani lokaci ban ce ba a yi ba, amma ba ka zuwa da sanin wanda za ya ci. Ni ina ga mutanenmu ba ƙin na gida suke ba, abin da ba su yarda da shi ba ne ba su biya.

Malamin Firamare:
Ɗan uwa na Maraɗi ka gama magana. Mu ma ga dambe nan, ka je gidan dambe ka ga yadda ake biyan kuɗin ƙofa ba a jira gwamnati ba, Kudu da Arewa da Guramada kowa da mutanensa, yanzu har a YouTube Turawa ke kallo. Wanda aka kashe an kashe shi, ba ƙarin lokaci.

Ɗan Adaidaita:
Ni duk wannan dogon turancin bai dame ni ba, ku yi maganar aljihu. Na fito tun asuba, in cika tanki in biya balas na mai mashin in kai cefane gida, ranar Lahadi da la'asar lokacin da ake buga wasan Pillars lokacin ne ake samun fasinja 'yan biki. In na ajiye mashin na tafi fili na yi asarar awa huɗu ga kuɗin ƙofa ga ruwa ga tsoron a zare min waya a turmutsutsu. Gidan kallo kuwa yana bakin layinmu, in na tashi aiki da dare in ba da ɗan abin da ya sawwaƙa in zauna in ga wasa mai kyau a yi musu a yi dariya in tafi in kwanta. Talaka ba shi da wani nishaɗi da ya rage masa sai wannan, shi ma ku ce laifi ne? Mafi ƙarancin albashi 70,000 aka ce, je ka tambayi kuɗin buhun shinkafa ka dawo mu yi maganar kishin ƙwallon gida.

Ɗan Ƙofar Mata:
Ban ce laifi ba ne abokina. Amma a Tanzaniya fa? Su ma ai ba masu kuɗi ba ne, su ma suna kallon Firimiya, amma ranar da Simba da Yanga za su haɗu filin Darussalam mai cin mutum 60,000 cika yake, rigunan kulob ɗinsu suke sawa a titi. Masar haka, Maroko haka. Mu ne kawai muka raina namu.

Malamin Firamare:
Tanzaniya talabijin ce ta ɗaga su Malam, tashar Azam ta zuba kuɗi tana nuna wasanninsu da kyamara mai kyau, mutum yana gida yana gani, alƙali ma ya san ana ganinsa. Ka ga an dawo kan maganar Baba Gola. Inda ake nuna wasa kai tsaye murɗiya tana raguwa, ko a nan ɗin ma tun da aka fara nuna wasu wasannin ai ana ɗan samun masu ci a waje fiye da da, wannan kam sai a faɗa.

Ɗan Arsenal na Zariya:
Ni dai ban manta 2013 ba, da aka buga wasan neman hawa rukuni wata ƙungiya ta ci 79 da nema wata ta ci 67 da nema a rana ɗaya. Duniya gaba ɗaya ta yi mana dariya. 79 fa jama'a! ko ƙwallon kwando ce sai haka

Tsohon Gola:
An yi haka, kuma an dakatar da waɗanda suka yi har abada. Amma kai ma ɗana kar ka yi kamar Turai mala'iku ne, Juventus ba a ƙwace mata kofi an jefa ta rukuni na biyu a 2006 saboda harkar alƙalai ba? Bambancin su in an kama ka za ka ɗanɗana, ko kai waye. Kuma tunda 2013 ka ambata, a shekarar ce koci Keshi Allah ya ji ƙan rai ya ɗauki yaran gida ya tafi da su gasar kofin Afirka a Afirka ta Kudu ana ta zaginsa, Sunday Mba ɗan gasar gida shi ya ci Kwaddibuwa a kwata fainal shi ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe. Kofin Afirka na uku da muka ɗauka ƙafar ɗan gida ce ta kawo shi.

Ɗan Arsenal na Zariya:
Baba wannan tarihi ne. A 2025 fa da aka tafi gasar 'yan wasan gida ta Afirka? Sudan ta yi mana 4 da nema. Sudan da ake yaƙi a ƙasarsu, manyan kulob ɗinsu Hilal da Merrikh sai a Muritaniya suka je suka buga gasa don ba fili a gida. Su suka yi mana huɗu.

Mai Gidan Kallo:
Wannan wasan na saka shi, kafin a tashi gidan ya watse saura ni da yaron da ke karɓar kuɗi

Ɗan Ƙofar Mata:
To su 'yan Turan naku da kuke taƙama da su me suka tsinana? Gwarzon Afirka na 2023 namu ne Osimhen, na 2024 namu ne Lookman, amma kofin duniya na Qatar Ghana ta hana mu a Abuja a gaban idonmu, na 2026 kuma Kwango ta fitar da mu a bugun fenariti. Sau biyu a jere. Wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan mu muka fara ci, Ekong ya sa kai, aka zo aka yi mana biyu. Matan ma su suka fi mu, Falcons an ci su biyu a Maroko suka farke suka ci uku suka ɗauko kofi na goma.

Maman 'Yan Biyu:
A to, gara dai da ka faɗa da bakinka

Malamin Firamare:
Ai duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su. Hukumar da ba ta iya tsara gasar gida ba ita ce dai take riƙe da Super Eagles, kun manta ana saura kwana biyu wasan Gabon a Maroko 'yan wasa suka ƙi fita atisaye saboda bashin alawus? Waɗannan fa masu kuɗi ne a Turai, ana iya riƙe musu haƙƙi, to ina ga yaron da ke buga wa kulob ɗin jiha wanda ba shi da bakin magana.

Ɗan Maraɗi:
Ku dai kuna da abin faɗa, mu Mena, ƙungiyar ƙasarmu Nijar, sau biyu ta taɓa zuwa kofin Afirka, 2012 da 2013, har yau muna tuna shi kamar salla. Ku kuna kukan ba ku je kofin duniya ba hhh

Ɗan Arsenal na Zariya:
Wani abu kuma da ba a faɗa ba, mu fa ba haka kawai muka tashi muka so Arsenal ba. Kanu ne ya kai mu. Yayyenmu sun gan shi a gasar Olamfik ta Atlanta 96, suka bi shi har Landan, muka taso muka tarar ana yi. 'Yan Chelsea Mikel ne ya ja su, akwai waɗanda har Bolton suka so saboda Okocha, da Ahmed Musa ya je Leicester a 2016 ai har a Kano an ga rigunan Leicester. Namu muka bi, da suka tafi ba su dawo ba mu ma ba mu dawo ba.

Ɗan Ƙofar Mata:
Musa ai ya dawo, sau biyu ma, 2021 da 2024, da Shehu Abdullahi, har aka ba Musa janar manajan Pillars. Kai ka dawo?

Ɗan Arsenal na Zariya:
Ni Bazazzage ne me ya haɗa ni da Pillars, mu tamu Ranchers Bees ce ta Kaduna

Tsohon Gola:
Allah sarki Ranchers. Yaran yanzu ba su san Kano ta taɓa yin Raccah Rovers ba ma, wadda ta ci kofin ƙasa a 1978 tun ba a haifi Pillars ba, ita sai 1990 aka kafa ta. Lokacin rediyo muke kasawa a tsakar gida. Dawowar Musa ta yi amfani ba shakka, duk garin da Pillars ta je mutane na fitowa don su gan shi, amma mutum ɗaya ba zai gyara alƙalanci da tsaro da albashi ba. Ni abin da zan so in gani kafin in mutu ba wani babba ba ne: a biya yara a kan lokaci, a sa jami'an tsaro na gaske tsakanin 'yan kallo da fili, duk wanda ya tsallaka a kama shi shi kaɗai a kai shi kotu a hana shi shiga har abada maimakon a hukunta kulob gaba ɗaya, a kuma ware wuri na iyali inda Hajiya za ta iya zama da 'ya'yanta.

Maman 'Yan Biyu:
In aka yi haka Baba ni da kaina zan kawo su, har da zoɓo a kula in sayar

Ɗan Adaidaita:
Ni kuma in kawo ku in mayar, kun ga kowa ya samu

Mai Gidan Kallo:
Ɗan Ƙofar Mata ga tayi, ranar da Pillars za ta buga a waje in dai ana nunawa zan ware talabijin ɗaya in saka, amma da sharaɗi, ka kawo min mutum 20 masu biya, in ba su cika ba kai za ka cike kuɗin mai.

Ɗan Ƙofar Mata:
Na yarda. Amma kar ka ba mu ƙaramar nan ta lungu mai layi a tsakiya

Mai Gidan Kallo:
Babbar ta 'yan Firimiya ce Yaya, su suke biyan haya. Ku fara cika 20 ɗin tukuna sai mu yi maganar babba.

Ɗan Arsenal na Zariya:
A sa sunana a na 20 ɗin in dai ba ranar wasanmu ba ne, ina so in ga yadda masu gida suke yi in ba a gida ba